Littafin gyaran tiredin notin tof na Camry ɗina

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don na san halina. In ban rubuta ba, nan da wata biyu zan iya rantsuwa ban kashe ko rabin abin da na kashe ba. Motar Camry ce ƙirar 2004, wadda dillalai ke ce wa Big Daddy, mai silinda huɗu, injin 2AZ-FE, lita 2.4. Shekararta shida a hannuna.

Shekaranjiya Alhamis ina dawowa daga Zariya allurar zafi ta haura. In zan faɗi gaskiya, ba ranar abin ya fara ba. Tun ƙarshen damina nake ƙara ruwa a lagireto duk bayan kwana uku huɗu, ina ce wa kaina ai tsufa ne. A Kwanar Dangora na tsaya, na sayi fiya wata leda guda, na ɗura mata tana huci, na sake ɗaukar hanya. Kafin in kai Kura ta yi tari biyu ta mutu. Jan ta zuwa gareji ya ci ₦40,000.

Baba ne zai yi aikin. Abokin marigayi mahaifina ne, shi ya riƙa gyara masa Fijo tun ina firamare. Ya buɗe murfin lagireto, ya sa yaro ya buga kik, ruwa ya yi tsalle har ya jiƙa masa hula. Ya ce, "Ɗana, tof gasket ta tafi. Ka yi addu'a ita kaɗai ce." Tof shi ne kan injin, gasket kuwa ita ce shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da bulok, wato gangar jikin injin.

Litinin, 6 ga Janairu

Ba ita kaɗai ba ce.

Sai da aka cire manifol, murfin taimin, sarƙa da kamshaf biyu kafin a isa ga notunan tof, domin suna ƙarƙashin kamshaf ɗin. Guda goma ne, biyar gaba biyar baya. Bakwai sun kwance da ƙara, irin ƙarar nan ta "ƙas" da noti mai lafiya ke yi in aka karya ƙarfinsa. Uku na tsakiya a layin baya, ɓangaren manifol ɗin iska, ko nishi yaron bai yi ba suka juya. Da ya zaro na farko Baba ya karɓa ya miƙo mini bai ce komai ba. A jikin haƙoran notin akwai wani abu fari a nannaɗe kamar siririn sifirin. Na sa farce na warware shi, ya fito zagaye bakwai bai tsinke ba. Tiredin bulok ɗin ne, wato haƙoran da notin ke kamawa a cikin rami, ya tuge gaba ɗaya ya biyo notin waje.

Bulok ɗin alminiyam ne, hannun rigar silinda kaɗai ne baƙin ƙarfe. Notin kuwa ƙarfe ne mai tauri. In zafi ya yi yawa alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, sai tof ɗin ya kumbura ya ja notin sama da ƙarfi, alhali naman da ke riƙe da shi a ƙasa ya yi laushi. Mai rauni a cikin biyun shi ke saki. Akwai kuma wani soso da ke tsakanin manifol da bayan bulok, mun same shi sharkaf da ruwa mai tsatsa. Ta nan ruwan nawa yake zurarewa wata da watanni, inda ido ba ya kaiwa, ni kuwa ina ta leƙen ƙarƙashin lagireto.

Na sa yaro ya jera kofunan bawul goma sha shida a kan kwali bi da bi, na rubuta lamba a gefen kowanne. Kaurinsu ba ɗaya ba ne, in suka cakuɗe sai an sake awon bawul daga farko.

Laraba, 8 ga Janairu

Na shiga Ƙofar Ruwa jin farashi. Injin Beljiyam cikakke, mafi sauƙin da aka faɗa mini ₦950,000, wani ya ce miliyan ɗaya da ɗari. Kuma duk wanda na saya, sa'an nawa ne a shekaru, ban san irin zafin da ya sha a inda ya fito ba. Wani dattijo mai shago ya ce in kawo bulok ɗin a cike ramukan da walda a sake hudawa. Baba ya ce ko a mafarki. Ramin ya yi zurfin da kan walda ba zai isa gindinsa da kyau ba, zafin kuma zai murɗe fuskar bulok.

Shawarar Baba ita ce a sa waya, abin da suke ce wa helikwal. Ana ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi, a murɗa wata nannaɗaɗɗiyar waya a ciki, sai notin asali ya kama wayar. Ya ce ya yi wa ramin fulogi da na salansa ba adadi. Na samu saiti ɗaya mai lamba M11, wato na noti mai kaurin milimita 11, babu ko sunan kamfani a jikin kwalin, ₦24,000. Gasket ₦30,000.

Juma'a, 10 ga Janairu

Ba a yi komai ba. Daga masallaci Baba ya wuce gaisuwar mutuwa.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun kai tof wurin masu sharar fuska. Da aka ɗora rular ƙarfe aka zura fila geji, siraran ƙarafan nan na awon tazara, mai 0.10 ya shige tsakanin silinda ta biyu da ta uku, alhali iyakar da littafin injin ya yarda da ita milimita 0.05 ce. An share shi kaɗan, an gwada shi da ruwa da iska, babu tsaga. ₦25,000. Fuskar bulok kuwa mai 0.05 bai shiga ko'ina ba, a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa. Wannan kaɗai ne labari mai daɗi a makon nan.

Talata, 14 ga Janairu

An sa waya a ramuka ukun, injin yana cikin mota. Layin baya yana dab da bangon da ya raba inji da cikin mota, ga injin ya ɗan kwanta baya, don haka Baba a durƙushe a kan inji ya yi hujin da dirilin hannu, yaro ɗaya na duba masa miƙewa ta gefe yana cewa "dama kaɗan, Oga, hagu kaɗan". Raina bai kwanta ba, amma na yi shiru. Mutumin da ya fara riƙe sifana kafin a haife ni, da wane baki zan ce masa hannunsa ya karkace?

Abu na biyu da na gani na haɗiye: wayar gajera ce. Na auna ta da baniya, ma'aunin kauri da zurfi, bayan ta zauna, ba ta kai milimita 17 ba, tiredin jikin notin kuwa da ke shiga bulok ya doshi ninkin haka.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau na ga abin da ake kira gyaran gangar Abzinawa.

Na aro sifanar awon ɗauri wurin wani abokina, don Baba da hannu yake aunawa. Ƙa'idar injin nan, a ɗaure notunan daga tsakiya zuwa waje, a hankali a zagaye da yawa, har su kai 79 a ma'aunin Nm, sannan a ɗiga fenti a kan kowanne a ƙara masa kwata na zagaye, digiri 90. Wannan kwatan shi ke miƙar da notin ya zama kamar sifirin da ke danne tof.

Duk goma sun kai 79 lafiya. Muka shiga zagayen kwata. Na farko ya yi, na biyu ya yi, har na bakwai. A na takwas, na kusurwar baya wanda ba mu taɓa ba don mun ce lafiyarsa ƙalau, Baba yana cikin ja sai na ga kafaɗarsa ta tafi gaba babu nauyi. Babu ƙara, babu komai, sandar kawai ta yi laushi kamar an sa cokali a kunu. Ya tsaya riƙe da ita ya ce, "Innalillahi." Yaran duk suka yi tsit.

Muka sake kwance komai. Wancan ramin ya tuge kamar 'yan uwansa. Da na haska fitilar waya cikin ukun da aka gyara, ɗaya wayarsa ta taso sama da zagaye biyu, notin kuma ya goge a gefe ɗaya, shaidar ramin a karkace yake. Ko da na kusurwar bai saki yau ba, wannan zai saki a kan hanya.

Gasket ɗin ta ƙarfe ce mai falle-falle, in an matse ta sau ɗaya ta gama aiki. Baba ya ce a shafa mata gam a mayar. Na ce a'a, Baba, a rataye ta a bango. ₦54,000 na waya da gasket sun bi ruwa. Uwargida ta tambaye ni yaushe mota za ta fito, na ce mata ta ci gaba da haƙuri da A Daidaita Sahu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana uku ina karatu a waya har ido ya yi ja. Ashe abin sananne ne ga masu irin wannan inji na shekarun 2002 zuwa 2006, a Camry da RAV4 da Highlander, kuma kusan kullum waɗancan ukun na baya ne ke fara saki. A 2011 Toyota ta fitar wa masu gyaranta na Amurka takardar yadda za a yi aikin da bushin ƙarfe na Time-Sert mai tsawon milimita 30. Bushi ne sukutum, tiredi ciki da waje, ba waya ba. Saitin yana zuwa da farantin da ake ɗaurewa a fuskar bulok don ya riƙe bakin diril a miƙe. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kafin a yi maganar kawo shi Kano. In na lissafa da canjin yau, gara in ƙara kaɗan in sayi injin.

Amma na fahimci abin da saitin yake yi, kuma ba sihiri ba ne. Rami ya miƙe, bushi ya yi tsawo, ya zauna a zurfin da tiredin asali yake. Sannan zafin da ya lalata uku bai tsallake sauran bakwai ba, bulok ɗaya ne, wuta ɗaya suka sha. Goman za a yi.

Na je gidan Baba bayan la'asar, na zauna a tabarma na yi masa bayani a hankali, ina tsoron kada ya ɗauka raini ne. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ɗana, a zamanin Fijo bulok baƙin ƙarfe ne, noti ne ke karyewa, rami ba ya mutuwa. Waɗannan na yanzu tukunyar dalma ce. Akwai wani tana da na sani, gobe ma je." Tana shi ne mai injin sassaƙa ƙarfe.

Laraba, 22 ga Janairu

An sauke inji jiya. Yau muka ɗora shi a kurkura a kan tsohuwar taya, ₦6,000 zuwa, za a biya wani shidan a dawowa.

Ogan wurin mutum ne mai ƙarancin magana, da tabarau ɗaure da zare. Na ce masa ina son bushi mai kaurin milimita 14 a waje don kada a ci naman bulok da yawa. Ya ɗauki alli ya yi mini lissafi a jikin ƙofa. Noti mai 14 mai tazarar haƙori 2, in an cire zurfin haƙoransa, abin da ya rage a tsakiya 11.5 ne. A yanka tiredin 11 a cikinsa, saura kwatan milimita kowane gefe. "Malam, wannan ai gwangwanin madara ne. Ja ɗaya zai tsinke." Mai 16 kuwa cikinsa 13.5, ya bar fiye da milimita ɗaya kowane gefe, manyan haƙoransa kuma sun fi kama alminiyam mai laushi. Zai huda ramin da bakin diril mai 14, ya yanka M16.

Bushin daga notuna masu 16 zai yanko su, milimita 30 kowanne, ya huda tsakiyarsu da 9.5 a kan injinsa, ya yanka M11 mai tazarar 1.5, ya tsaga kan don abin murɗawa. Mun yi ciniki a ₦110,000. Sharaɗi ɗaya, taf ɗin M11, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi a cikin rami, ni zan nemo, shi ba shi da shi. Wanda ya zo cikin saitin waya ba zai yi ba, ya fi 11 faɗi tunda don mazaunin waya aka yi shi.

Asabar, 25 ga Janairu

M10 da M12 ko a tire ana tallarsu. M11 kuwa shago goma sha ɗaya na shiga, wasu ma suna ce mini babu irin wannan lamba a duniya, in sayi 12 in huta. A Sabon Gari na same shi wajen wani mai kayan injiniyoyi, saitin guda uku a ƙaramin akwatin roba da ƙura ta rufe. ₦18,000, ko sisi bai rage ba, ya ga idona. Na sayi notuna masu 16, na zaɓi masu lamba 10.9 a ka don na ji an ce sun fi ƙarfi, ₦6,000.

Talata, 28 ga Janairu

Ƙarfin ya yi yawa. A bushi na biyu taf ɗin tsakiya ya karye a ciki. Oga ya kira ni a waya, ya ce wa ya ce in sayo 10.9? Na ce ni na sa kaina. Ya ce 8.8 ya isa har ya yi yawa, tunda komai taurin bushi a cikin alminiyam zai zauna. Na koma na sayo masu 8.8, ₦9,000. Zai lallaɓa da taf biyun da suka rage, na fari da na ƙarshe. In ɗaya ya sake karyewa sai dai a aika Legas.

Alhamis, 30 ga Janairu

Babu wuta tun jiya. Bushi bakwai sun samu, saura uku.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na sayi gas na ₦15,000 aka tayar da janareta, don ba zan iya jiran wuta ba. Tun takwas na safe nake wurin har aka kira magariba.

Shirin ya fi hujin cin lokaci. Fistin da kiranshaf suna ciki, ga hunturu, iska na kwaso ƙura daga titi. Muka wanke fuskar bulok da fetur, muka rufe ta gaba ɗaya da faffaɗan salatif, silinda da hanyoyin ruwa da na mai, sannan Oga ya sa reza ya yanke bakin ramuka goman kaɗai. Garin alminiyam ko ƙwaya ɗaya ya faɗa hanyar mai, zai je ya ci metal, wato shimfiɗar da kiranshaf ke juyawa a kai.

Aka ɗora injin a teburin babban diril na tsaye, aka tokare shi da katako da ƙarafa. Oga ya ɗaura agogon awo a bakin diril ɗin ya zagaya da shi a fuskar bulok, yana saka siraran gwangwani a ƙarƙashi, yana bugawa da guduma ta roba, har allurar ta daina motsi. Wannan kaɗai ya ci fiye da awa ɗaya. Na tuna Baba a durƙushe da yaronsa mai "dama kaɗan", na yi dariya ni kaɗai.

Kafin a taɓa komai mun auna ramukan da ke da sauran tiredi, daga fuska zuwa inda haƙori ya fara, da kuma zuwa gindin rami, muka rubuta a bango. Tiredin ba daga sama yake farawa ba, can ƙasa yake, kuma da gangan aka yi haka don notin ya samu dogon jiki da zai miƙe, jan kuma ya fito daga cikin bulok ba daga fuskarsa ba. In aka sa bushi a sama don sauƙi, an canza yadda tof ke dannuwa. Oga ya ɗaura zobe a jikin bakin diril don kada ya wuce gindin ramin asali. Ƙasa da nan ko gefe, ruwa ne ko mai.

Hujin kansa minti kaɗan ne kowane rami, yana ɗagawa yana zuba kananzir. Abin da na lura da shi, garin da ke fitowa daga ramukan gaba dogaye ne masu sheƙi, suna nannaɗewa. Na layin baya kuwa gari ne dushi-dushi kamar toka mai tsakuwa. Oga ya murza shi a tafin hannu ya nuna mini, ya ce, "Ka ga naman da ya ƙone." Sai da bakin ya ci zuwa 14 sannan mai sheƙi ya fara fitowa, hankalina ya ɗan kwanta. Ramin da aka huda a karkace ya gyaru, don sabon faɗin ya haɗiye karkatar.

Taf ɗin M16 bai isa zurfin ba, ya yi masa waldar ƙarin ƙafa tun jiya ya daidaita a injinsa. Bai kunna diril ba wajen yankan tiredi. Ya sa taf ɗin a bakin diril don ya tsaya a miƙe, yana juyawa da hannu, rabin zagaye gaba, kwata baya, ya fito da shi ya wanke a kananzir, ya mayar. Rami goma haka. Na karɓe shi a biyu na ƙarshe, kafaɗata har yanzu tana gaya mini.

Da muka gama, muka ja tiyon iska daga wurin mai facin da ke maƙwabtaka muka busa kowane rami, sannan muka cika su da kananzir har baki muka rufe. In an huda cikin hanyar ruwa, kafin Litinin za a ga ya sauka.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Goman suna nan cike yadda muka bar su. Alhamdu lillahi.

Aka zuƙe kananzir, aka wanke da fetur, aka busa har suka bushe ƙayau, don jan gam ɗin kulle noti ba ya kama wuri mai maiƙo. Kowane bushi an shafa masa a waje kaɗai, aka murɗa shi zuwa zurfin da ke rubuce a bango, ana bi da baniya. Za a bar su kwana guda. Gam ɗin da na murfin taimin da kananzir da salatif, duka ₦17,000.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ba zan sake ba wa gasket sabuwa amanar ramin da ban gwada ba. Oga ya yanko guntun bututu mai kauri daidai kaurin tof, muka riƙa ɗora shi a kan kowane rami da faranti a ƙasa don kada ya ji wa fuska, muna ɗaure tsohon noti har 79, mu ƙara kwata. Goman sun riƙe, sandar tana ƙara nauyi har ƙarshe.

Gwaji na biyu ya kama mana ɓarawo. Muka ɗora tof babu gasket, muka murɗa sababbin notuna da hannu. Tara sun sauka har kansu ya zauna a kan zoben ƙarfen da ake sa wa noti a ƙarƙashin kai. Ɗaya ya tsaya saura kaɗan. Gam ne ya gangara ya daskare a haƙoran ƙasa na bushin. Da ba mu duba ba, sifana za ta nuna 79 alhali notin gam yake turawa, ba tof yake dannewa ba. An bi shi da taf sau ɗaya, ya wuce.

Notuna sababbi ₦48,000, gasket mai kyau ₦52,000. Inji ya koma garejin Baba da yamma.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An ɗaure tof a ƙasa kafin a mayar da inji. Ramuka a bushe, don mai ko ruwa in ya taru a gindin rami noti ya matse shi yana iya tsaga bulok. Mai ɗan kaɗan a haƙoran noti da ƙarƙashin kansa. Zagaye uku muka yi kafin 79, sannan fenti, sannan kwata. Baba ya ce ni zan ja. Da na zo kan na takwas sai da na yi bisimilla sau biyu. Ya tafi da nauyinsa har ƙarshe. Ɗigon fenti goma duk suna kallon gefe guda.

Baba ya mayar da kofunan bawul yana bin lambobin kwalina, ya saita alamomin sarƙa, ya juya inji da hannu zagaye biyu, babu inda ya tokare.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Inji ya koma mazauninsa jiya, yau muka yi rigimar tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Da aka buɗe gidanta babu komai a ciki, wani ya cire ta tun kafin motar ta zo hannuna, an kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa da an kunna makulli. Baba ya ce haka ya dace da zafin Kano, tamostat ta ƙasar sanyi ce. Na ce Baba, tana buɗewa a wajen digiri 82, a ƙasar sanyi ko a nan, aikinta ta tsayar da inji a zafi ɗaya. In babu ita, da safe inji ya daɗe a sanyaye yana shan mai, a go-sulo ya yi zafi, a babban titi ya huce, kullum alminiyam na buɗewa yana tsukewa a jikin noti. Ya ce, "Motarka ce, kuɗinka ne." Amma da kansa ya saka ta, ya kuma kira mai waya ya mayar da fanka kan na'urarta.

Tamostat ₦14,000, murfin lagireto ₦6,000, wankin lagireto ₦8,000. Laka ja ce ta fito daga ciki, ladan ruwan rijiya da fiya wata na shekara shida. Ruwan sanyaya inji na gaske galan biyu ₦24,000. Baƙin mai da filta ₦28,000.

Bugu na biyu ta tashi. Farin hayaƙi ya turnuƙe garejin, gabana ya faɗi, Baba ya ce ruwan da ya kwanta a salansa ne tun ranar Kura. Cikin minti goma sha biyar ya washe. Muka bar ta tana aiki, hita a buɗe, muna matsa tiyo har kumfar iska ta daina fitowa. Fanka ta tashi da kanta, ta tsaya da kanta. Yaran suka yi tafi, na saya musu shayi da burodi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Wudil da dawowa, ban wuce 80 ba. Allura ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan. Da safe kafin in kunna na duba robar ruwa, tana kan layin da na yi da biro. Na zura hannu bayan manifol, a bushe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zariya da dawowa jiya, da iyali da kaya a but. A Kwanar Dangora na tsaya na buɗe bonet, uwargida tana tambaya ko wani abu ne, na ce a'a, gaisawa kawai muke yi da wurin. Ruwa bai motsa ba.

Yau an zubar da man farko duk da bai yi nisa ba. Na tace shi da farin ƙyalle a rana, na ga 'yan ƙyalli uku huɗu, ban ga abin tsoro ba. Sabon mai da filta ₦28,000. Na ba Baba ₦70,000, ya ce aikin farko ba zai karɓi kuɗinsa ba, na ce ai tare muka yi kuskuren. Ya karɓa ya cire dubu biyar ya ba yaran.

Jimilla zuwa yau ₦584,000.

Abin da ya rage: akwai ɗan gumin mai a kusurwar murfin taimin ta ƙasa, Baba ya ce a sa masa ido mako biyu kafin a taɓa. Kujerar inji ta dama ta tsage, mun gani tun da aka sauke shi, sai albashi ya shigo. Sifanar awo zan mayar wa mai ita gobe. Taf biyun M11 kuwa Oga ya roƙa in bar masa, wai an kawo masa wata Highlander mai irin ciwon, na ce ya riƙe aro.